Garaɓasar Kayan Lambu a Hampden: Ranar da Gwamnati Ta Rage wa Talaka Farashin Ganye

A ƙarshen shekarar 2011, gidaje 7,500 a gundumar Hampden da ke yammacin jihar Massachusetts ta Amurka suka samu wasiƙa daga hukumar jihar mai kula da tallafin marasa ƙarfi. Dukkansu gidaje ne da ke karɓar tallafin abinci na gwamnatin tarayya. Saƙon gajere ne: har tsawon shekara guda, duk dala 10 da gida ya kashe daga kuɗin tallafinsa a kan kayan lambu da kayan marmari, za a mayar masa da dala 3 cikin katinsa nan take, ya sayi duk abincin da ya ga dama da ita. Ba a hana su sayen komai ba, ba a kuma ɗora musu sharaɗin zuwa wani aji a koya musu girki ba.

A lokacin gundumar tana da gidaje kusan 55,000 a cikin shirin. Sauran gidajen aka bar su yadda suke. Ba kansila ne ya zaɓi waɗanda za su samu ba, ba kuma wanda ya riga zuwa layi ba. Ƙuri'a aka yi da kwamfuta. Wannan ƙuri'ar ce ta ba gwajin daraja. Tunda sa'a kawai ta raba mutanen gida biyu, duk bambancin da aka gani a kwanon abincinsu bayan watanni ba a iya ɗora shi a kan ilimi ko unguwa ko son rai, sai a kan garaɓasar. Sunan gwajin a taƙaice HIP, kuma ya gudana daga Nuwamban 2011 zuwa Disamban 2012.

Tallafin da ake magana a kansa

Shirin da ake kira SNAP shi ne babban tallafin abinci na Amurka, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Noma. Tushensa ya koma 1939, a birnin Rochester na jihar New York, inda aka fara sayar wa marasa ƙarfi wasu tambura masu launi biyu. Wanda ya sayi na ruwan goro na dala 2, sai a ƙara masa shuɗi na dala 1 kyauta, amma shuɗin ba ya sayen komai sai amfanin gonar da ya yi wa manoma yawa ya rasa kasuwa. Ke nan dabarar karkata hannun mai saye zuwa wani irin abinci tsohuwa ce, sai dai a wancan lokacin rarar manomi ake son kwashewa, ba lafiyar mai ci ake dubawa ba. Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kafa shirin na dindindin a 1964. Zuwa 2004 an daina tamburan takarda a duk faɗin ƙasar, aka koma kati mai lambar sirri irin na banki. A 2008 aka ba shi sunansa na yanzu.

A shekarar da ake gwajin Hampden, mutum fiye da miliyan 46 ne ke cin wannan tallafi, domin ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga durƙushewar tattalin arzikin 2008 ba. Abin da ke faɗo wa mutum ɗaya a wata bai wuce dala 133 ba a matsakaici, wato ƙasa da dala ɗaya da rabi a kowane zaman cin abinci. Katin ba ya sayen giya, taba, sabulu ko dafaffen abinci mai zafi. In ban da waɗannan da ire-irensu, a lokacin kusan duk abin da ake ci yana saye a kowace jiha: shinkafa, nama, madara, irin shuka, har da alewa da lemon kwalba.

A nan rigimar take. Ciwon suga, hawan jini da ƙiba sun fi addabar masu ƙaramin ƙarfi a Amurka. Abincin da ya fi arha, ya fi riƙe ciki, ya kuma fi jure ajiya shi ne wanda aka cika da suga, gishiri da mai. Uwar da ta san kuɗin katinta za su ƙare kafin wata ya mutu, kuma mafi yawan gidaje sukan cinye fiye da kashi uku cikin huɗu na tallafin a makonni biyun farko, ba za ta zuba su a kan latas da zai yi yaushi bayan kwana uku ba, ko wani ganyen da ba ta da tabbas yara za su taɓa. Lissafinta daidai ne a kan abin da ke hannunta. Ya kamata kuma a faɗi cewa matsalar ba ta talaka kaɗai ba ce: hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sha nuna cewa babban mutum ɗaya cikin goma ne kawai a ƙasar ke cin kayan lambu da na marmari gwargwadon yadda likitoci suka ce, masu kuɗi da marasa shi.

Hanya biyu aka yi ta gardama a kansu. Ta farko hani. Jihar Minnesota ta nemi izinin cire alewa da lemon kwalba daga abin da kati ke saye a 2004, aka ƙi. A Oktoban 2010 magajin garin New York, Michael Bloomberg, tare da gwamna David Paterson, suka nemi a bar su su hana sayen lemo mai suga da katin na shekara biyu. Ma'aikatar Noma ta ƙi a Agustan 2011, tana cewa gwajin ya yi girma, tantance wane lemo ne ya shiga wane ne bai shiga ba zai wahalar da masu kantuna, kuma ba a tsara yadda za a auna sakamakon ba. Hanya ta biyu ita ce rangwame. Dokar Noma ta 2008 ta ware dala miliyan 20 don a gwada ko rage farashi a wurin biya zai sa mutane su ƙara sayen abinci mai lafiya. A Agustan 2010 aka zaɓi Hampden.

Zaɓin ya dace. Gundumar tana cikin mafi talauci a jihar, tana da birane irin su Springfield da Holyoke inda 'yan asalin Puerto Rico masu jin Sifaniyanci suke da yawa, tana da unguwannin bayan gari, tana kuma da ƙauyuka da gonaki a kwarin kogin Connecticut.

A gaban mai karɓar kuɗi

A ɗauka mace ce ta shiga babban kanti a Springfield ranar da kuɗi suka shiga katinta. Ta ɗebi kabeji, karas, albasa, tumatir, lemo da ayaba na dala 10, ta haɗa da shinkafa, kaza da madara. Mai karɓar kuɗi ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya da na'ura, ita kuma ta goga kati ta danna lambarta. Kwamfutar kantin ta riga ta san waɗanne kaya ne ke cikin jerin garaɓasa, don haka ba wanda ya tambaye ta komai, na bayanta a layi ma bai san an yi ba. A ƙasan rasit ɗin ne za ta ga an mayar mata da dala 3. Abin ya yi kama da gyaran da mai kayan miya ke jefa wa mutum a leda bayan an gama ciniki, illa dai wannan ba a ganinsa a hannu, sai a 'yan ƙananan lambobi a jikin takarda.

To amma kwandon nata yana iya ɗauke da abubuwan da za su rikita ta. Gwangwani biyu na abarba, kamfani ɗaya, shiryayye ɗaya: wanda aka jiƙa a ruwan abarbar kansa yana cikin jerin, wanda aka jiƙa a ruwan suga ba ya ciki. Ganyen da aka daskarar a firiza yana ciki, in dai ba a haɗa shi da man shanu ba. Dankalin Hausa yana ciki, dankalin Turawa ba ya ciki. Busasshen wake ba ya ciki. Ruwan lemon da aka matse, ko da ba a sa masa suga ba, shi ma ba ya ciki. An ari wannan jerin ne daga shirin WIC na mata masu juna biyu, masu shayarwa da ƙananan yara, kuma kowane layi a cikinsa yana da hujjarsa a wurin masana abinci. Dankalin Turawa, alal misali, an cire shi ne saboda Amurkawa sun riga suna cinsa fiye da kima, mafi yawa soyayye. Manoman dankalin ba su yarda ba, suka yi ta kai gwauro suna kai mari a majalisa har aka mayar da shi cikin jerin WIC a ƙarshen 2014. Sai dai hujjar masani daban, abin da mai sayayya da yaro a goye za ta iya riƙewa a ka daban.

A ƙananan shagunan unguwa, inda babu kwamfutar da ke gane kaya da kanta, aikin ya koma kan mai shago. Sai ya ware kayan lambun gefe guda, ya haɗa kuɗinsu, ya shigar da jimlar daban a na'urar kati, sannan ya shigar da ta sauran kayan. In layi ya yi tsawo ya manta, ko sabon yaron shago ne bai koya ba, garaɓasar ta wuce. Shiga shirin kuma ba dole ba ne ga masu kantuna. Ɗaya daga cikin manyan kamfanonin kantuna na yankin bai shiga ba, kuma waɗanda suka shiga ɗin, a wurinsu ake kashe kusan rabin kuɗin SNAP na gundumar kawai. Gidan da kantin da ya saba zuwa bai shiga ba, ko dai ya sauya hanya ya ƙara kuɗin mota, ko ya haƙura.

Abin da aka samu

Kamfanin bincike na Abt Associates ne ya auna sakamakon, rahoton ƙarshe ya fito a 2014. Hanya biyu suka bi. Suna kiran mutane a waya, daga ɓangaren masu garaɓasa da na marasa ita, su tambaye su dalla-dalla duk abin da suka ci jiya tun daga wayewar gari. Sannan suna da bayanan kowane gogen kati da aka yi a gundumar.

Masu garaɓasa sun ci kayan lambu da na marmarin da ke cikin jerin fiye da sauran da kusan rubu'in kofi a rana. A ido abin kaɗan ne, bai wuce rabin karas madaidaici ba. Amma mutanen da aka kwatanta su da su ba sa cika ko kofi ɗaya na irin waɗannan kayan a rana, don haka ƙarin ya kai kashi 26 cikin 100. Duk wanda ya san yadda sauya wa babban mutum al'adar cinsa ke da wuya ya san wannan ba ƙaramin motsi ba ne. Shirye-shiryen faɗakarwa da yawa sun ci kuɗi sun ƙare ba su kai nan ba. An kuma ga sun ɗan rage cin abincin farar fulawa, alamar cewa ganyen ya ture wani abu daga faranti, ba ɗorawa aka yi a kai ba kawai.

Bayanan katin kuma suka zo da wani labari da ya ɗaure wa masu binciken kai. An sa wa kowane gida iyakar garaɓasar dala 60 a wata, don kada kuɗi su ƙare. Kafin gida ya taɓo wannan iyaka sai ya kashe dala 200 a kan kayan lambu. Ashe tsoron bai da tushe: matsakaicin abin da gida ya samu a wata dala 3.65 ne. A kowane wata kusan gida ɗaya cikin uku ba ya samun ko sisi. A manyan kantunan da suka shiga, masu garaɓasa sun kashe kimanin dala 12 a wata a kan kayan da ke cikin jerin, sauran kuma kusan dala 11. Bambancin dala 1.19 ne kacal.

Lissafin bai haɗu ba. Rubu'in kofi a rana ya haura kofi bakwai a wata ga mutum ɗaya. A ƙiyasin Ma'aikatar Noma na wancan lokaci, kofi ɗaya na kayan lambu ko na marmari yana kai rabin dala a matsakaici. Dala 1.19 ba za ta sayi kofi bakwai ba, balle a gidan da manya suka fi ɗaya. Da aka tambayi mutanen da bakinsu nawa suke kashewa a kan waɗannan kaya a ko'ina kuma da kowane irin kuɗi, masu garaɓasa suka ambaci kusan dala 78 a wata, sauran dala 72. Wannan tazarar ta dala 6 ta fi dacewa da abin da aka gani a faranti.

Ana iya fassara wannan ta fuska biyu, kuma a ganina kowace tana da rabonta na gaskiya. Mai yiwuwa wasu sun faɗa wa mai tambaya abin da suka san yana son ji. Wanda aka yi ta aiko masa takardu kan amfanin ganye, in aka kira shi aka ce me ka ci jiya, ba zai manta da tumatirin da ke cikin miya ba. Ɗaya fuskar ita ce, mutane sun ƙara saye da gaske, amma a wuraren da garaɓasar ba ta kai: a kantin da bai shiga ba, ko kuma da kuɗin aljihunsu bayan na kati sun ƙare, ko kayan da suka zaci suna cikin jerin alhali ba sa ciki. Binciken ya nuna ba kowa ne ya fahimci yadda shirin ke aiki ba, wasu ma cikin waɗanda aka zaɓa sun ce ba su taɓa jin labarinsa ba. In haka ne, to ba rage farashin kaɗai ya yi aikin ba. Sanin cewa wannan abincin yana da lada, da tunin da wasiƙu da allunan kantuna ke yi, sun ɗauki wani kaso na nauyin.

Ni dai abin da na fi riƙewa shi ne wannan: shirin da rabin kasuwa ba ta shiga ba, wanda jerin kayansa ke da ruɗani, wanda ladansa ke ɓoye a ƙasan rasit, duk da haka ya motsa abin da mutane ke ci. Zancen da ake yawan yi cewa talaka ba ya son abinci mai kyau, bakinsa ya riga ya saba da zaƙi da maiƙo, bai tsaya da ƙafarsa a Hampden ba.

Kuɗin gwajin gaba ɗaya dala miliyan 4.4 ne. Abin da ya shiga katin mutane a matsayin garaɓasa bai wuce dala 263,000 ba, kusan kashi 6 cikin 100. Fiye da rabi ya tafi wajen sake tsara kwamfutocin kati da na kantuna da gwada su. Wannan bai kamata ya tsorata kowa ba, aikin sau ɗaya ake yinsa. Adadin da zai iya tsorata 'yan majalisa shi ne na gaba: rahoton ya ƙiyasta cewa in za a yi shirin a duk ƙasar, garaɓasar za ta ci tsakanin dala miliyan 825 da biliyan 4.5 a shekara, gwargwadon yadda mutane da kantuna suka rungume shi.

Masu ra'ayin hani suna da magana a nan, kuma bai dace a yi watsi da ita ba. Suna cewa garaɓasa tana ƙara ganye ne, ba ta rage lemon kwalba, har ma dala 3 ɗin da aka mayar ana iya sayen lemon da ita. Gaskiya ne. Wani rahoton Ma'aikatar Noma na 2016 ya nuna cewa kusan dala 1 cikin kowace dala 5 da gidajen SNAP ke kashewa a kanti tana tafiya ne ga lemo mai suga, kayan zaƙi, alewa da soye-soyen leda. Amma rahoton nan dai ya nuna gidajen da ba sa cikin shirin ma kusan haka kwandonsu yake. A lemo mai suga, kashi 9 ne da kashi 7. Ga kuma wani abu: yawancin gidajen suna cika tallafin da kuɗin guminsu, domin ba ya isa. In aka hana kati sayen lemo, sai a saye shi da na aljihu, a mayar da shinkafar kan kati. Abin da ya rage tabbas shi ne kunyar da za a sha a gaban layi, lokacin da na'ura ta ƙi wani abu aka ce a mayar. Mutumin da yake hannu baka hannu ƙwarya ya riga ya sha tambayoyi da cike takardu kafin a ba shi katin nan. Ban ga dalilin ƙara masa wani tozarcin a kan abin da maƙwabcinsa mai albashi ke saye ba tare da kowa ya ɗaga ido ba.

Zagaye na biyu

Gwajin ya rufe a ƙarshen 2012, gidajen nan 7,500 suka koma biyan cikakken farashi. Amma sakamakonsa ya yi tasiri. Dokar Noma ta 2014 ta ware dala miliyan 100 na shekara biyar don jihohi da ƙungiyoyi su yi irin wannan shiri. Da ma akwai masu yi a ƙananan matakai: birnin New York yana ba da takardun ƙari a kasuwannin manoma tun 2005, kuma a 2009 wata ƙungiya mai suna Fair Food Network ta fara ninka kuɗin masu kati a kasuwannin manoma biyar a Detroit.

A Afrilun 2017 Massachusetts ta dawo da shirin a duk faɗin jihar, amma da sabon fasali. An bar manyan kantuna. Garaɓasar ta koma kasuwannin manoma, rumfunan bakin gona, motocin da ke kai kayan gona unguwa-unguwa, da tsarin da gida ke biyan manomi ya riƙa ba shi kaso kowane mako. Sannan maimakon dala 3 a kan 10, sai aka ce dala a kan dala: ka sayi na 10, a mayar maka da 10. Iyakar wata ita ce dala 40 ga gida mai mutum ɗaya ko biyu, 60 ga mai uku zuwa biyar, 80 ga mai shida ko fiye.

Duba yadda wannan ya warware matsalolin Hampden ba tare da hayaniya ba. A teburin manomi babu gwangwanin ruwan suga da za a yi ta tantancewa, kusan duk abin da ke gabanka ɗanyen amfanin gona ne. Bayanin shirin ya zama jimla ɗaya da kowa zai iya faɗa wa maƙwabcinsa. Manomin kuma, saɓanin yaron kanti da ba ruwansa, shi ne ya fi kowa son a sani, domin cinikinsa ne. Kuɗin suna tsayawa a hannun ƙananan manoman jihar, abin da ya sa shirin ya samu masu kare shi a majalisa daga mazaɓun karkara da na birni a lokaci guda.

Jama'a suka yi dafifi. Kuɗin garaɓasar da aka tanada don shekara uku ba su kai ƙarshen shekarar farko ba. A Afrilun 2018 aka dakatar da shirin na wasu makonni har majalisar jihar ta ƙaro kuɗi, aka kuma sake dakatar da shi a shekarun da suka biyo. Daga 1 ga Disamban 2024, saboda kasafin da aka ba shi bai kai buƙata ba, aka rage iyakar zuwa dala 20 ga kowane gida komai yawan mutanensa, kafin a sake ɗaga ta a 2025. Irin wannan kunna-kashe ya fi cutar da manomi. Shi tun kafin dusar ƙanƙara ta narke yake sayen iri, ya ɗauki ma'aikata, wani ma ya gina rumfar roba don ya yi noman hunturu, duk a kan lissafin masu kati za su zo. In aka yanke garaɓasar a tsakiyar kaka, kayan gwari ba sa jiran majalisa ta zauna.

Sabon fasalin ma yana da nasa giɓin. Kasuwar manoma ba kullum take ci ba, ba kowace unguwa ke da ita ba, kuma hunturun Massachusetts yana da tsawo. Mai aikin dare ko tsohuwar da ba ta da mota ba lallai su kai ba. Ba a kuma yi masa ƙuri'a irin ta Hampden ba, don haka ba a iya auna tasirinsa a faranti da irin wancan tabbacin. Waɗanda suka fi zuwa kasuwar mai yiwuwa da ma masu son ganyen ne.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi ya san tallafin gwamnati a siffar buhun shinkafa, masara ko katan ɗin taliya, wani lokaci kuma 'yan kuɗi ta waya. Ya kuma san yadda tumatir ke ruɓewa a kwanduna a Kadawa lokacin da ya yi yawa, yayin da miyar gidaje da dama ke tafiya a kan ɗanɗanon magi. Fasalin Hampden na farko ba zai zauna a kasuwar da ake ciniki da kashi da kwando ba, domin ya dogara ne da kwamfutar da ta san lambar kowane kaya. Fasalin 2017 kuwa bai buƙaci wannan ba. Ya buƙaci rajistar mai sayarwa, na'urar kati irin POS ɗin da ke kowane lungu yanzu, da gwamnatin da za ta biya a kan lokaci. Na ukun ne mai wuya, kuma jihar da ke cikin mafi arziki a Amurka ma ta yi tuntuɓe a kansa.

A matakin tarayya, iskar ta juya. A 2025 Ma'aikatar Noma, ƙarƙashin Brooke Rollins, ta fara amincewa da irin buƙatar da ta ƙi wa Minnesota da New York. Nebraska ce ta fara samun izinin cire lemon kwalba daga abin da kati ke saye, daga farkon 2026, jihohi irin su Iowa da Indiana suka biyo baya. Ba abin mamaki ba ne hani ya fi saurin samun karɓuwa a wurin masu riƙe da baitulmali, tunda ba ya neman a ware sabon kuɗi. Nauyinsa yana kan mai shago da mai kati. Garaɓasa kuwa, gwargwadon nasararta gwargwadon tsadarta.

Dokar Noma ta 2018 ta mayar da asusun garaɓasar na dindindin, ta sa masa sunan Gus Schumacher, tsohon kwamishinan noma na Massachusetts da ya shafe shekaru yana fafutukar haɗa masu tallafi da kasuwannin manoma, wanda ya rasu a 2017. An ware masa dala miliyan 250 na shekara biyar, wato kimanin miliyan 50 a shekara. A lokacin da aka yi dokar, SNAP yana cin kusan dala biliyan 60 a shekara. Hanyar da aka gwada da ƙuri'a aka ga tana aiki ba ta samu ko dala ɗaya cikin kowace dubu ba, kuma abin da aka ba ta bai kai kashi ɗaya cikin goma na mafi ƙanƙantar ƙiyasin da rahoton Hampden ya ce ana buƙata don ta isa kowane gida ba.